Turken da Ba a Cire Ba: Ƙofar Kabuga da Mutuwar Doki

  A wannan mako a Ƙofar Kabuga za mu tsaya, kuma mutuwar doki ce ta kai mu can.

Da daminar bara, a wani lungu da ke cikin ganuwa ta wajen Kabuga, dokin wani dattijo maƙwabcinmu ya kwanta da ciwon ciki bayan la'asar. Aka ba shi jiƙo, aka tashe shi ana zagayawa da shi, aka kira likitan dabbobi. Kafin asuba ya mutu. Akawal ne, baƙi wuluk, shekararsa 17 a hannun mai shi. Da gari ya waye maƙwabta suka riƙa shigowa, kowa ya ce, "Baba, ashe abin da ya faru ke nan? Allah Ya mayar da alheri." Shi kuma ya ce, "Amin, na gode." Kafin hantsi an sa igiya an ja mushen, an ɗora a mota an fita da shi bayan gari. Da azahar kowa ya koma sabgarsa.

Dattijon nan bai yi kuka a gaban kowa ba. Amma mai harawa ya zo da kaya ranar da ya saba zuwa, ya karɓa ya biya shi, bai ce masa komai ba. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya bi ta barga ya ɗan tsaya. Da 'ya'yansa suka ce za su tumɓuke turken su gyara wurin don ajiye babur, sai ya ce, "Ku bar shi." Ba su sake tayar da maganar ba.

Wannan "ku bar shi" ita ta sa muka koma tarihi. Muna so mu gane yadda aka yi garin da ya ɗora mulkinsa a bayan doki shekaru ɗaruruwa bai tanadi wurin da mai doki zai ajiye baƙin cikinsa ba, da kuma inda baƙin cikin yake zuwa ya kwanta.

Abin da harshe ya tanada

Mu fara da kalmomi, tunda su ne kayan aikinmu. Mutum in ya cika sai mu ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Doki kuwa mutuwa yake yi. Ta mutum gawa ce, a wanke a suturta. Na doki mushe ne, a ja a yar. Gidan da aka yi rasuwa ana zuwa gaisuwa, a shimfiɗa tabarmi, a yi kwanaki ana karɓar jama'a. Wanda dokinsa ya mutu jaje ake yi masa, irin wanda ake yi wa wanda shagonsa ya ƙone ko ɓarawo ya shigar masa. "Allah Ya mayar da alheri" addu'a ce mai kyau, sai dai ta asarar dukiya ce. Tana ɗauke da zaton cewa abin da ya tafi ana samun madadinsa.

Ga kuma bambancin doki da sauran dabbobin gida. Saniya ko rago in aka ga ba za su tashi ba sai a sa wuƙa, a feɗe, a raba nama, a sayar da fata, asara ta ragu. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasarmu ba a saba cin naman doki ba. Don haka mai doki ba shi da abin yi illa ya tsuguna yana kallo har numfashi ya ƙare.

Abin mamaki shi ne yadda harshen ya wadata doki da sunaye muddin yana da rai. Akwai ingarma da goɗiya, akwai dukushi da ƙuru. Ta wajen launi akwai akawal, kili, danda, bidi, gunya da hurde. Tafiyarsa ma kowace da sunanta: taƙama, sassarfa, sukuwa, zamiya. Kayansa kuwa sirdi, linzami, ragama, likkafa, jalala, dabaibayi. Duk wannan dukiyar kalmomi, da ya faɗi sai ta koma kalma ɗaya, mushe.

Yadda doki ya zama sarauta

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta kasa ratsawa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi aka ce ya fara dawakin zage, waɗanda ake ja ba mahayi a gaban sarki, don in na hawa ya gaji ko ya faɗi a canja masa. Daga nan doki ya shige cikin tsarin mulki har ya bar sunansa a kan rawuna. Cikin masu zaɓen sarkin Kano huɗu, biyu da doki ake kiransu: Madaki, wanda asalinsa shugaban mahaya ne, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ga Sarkin Dawakin Tsakar Gida, ga Shamaki da aka ɗora wa kula da bargar sarki. Garuruwa ma sun ɗauka, kamar Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Ita kanta Ƙofar Kabuga 'yar wannan zamani ce. An fara ganuwar Kano tun lokacin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134), amma ɓangaren yamma da ya haɗa Dukawuya da Kabuga da Kansakali a zamanin Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) aka gina shi, ƙarƙashin kulawar Wambai Giwa. Ganuwa da gwalalon da ke bayanta da ƙuntatacciyar ƙofa, duk dabarun tare mahaya ne. Doki komai gudunsa ba ya tsallake katanga irin wannan, kuma runduna ba ta shiga ƙofa sai ɗai-ɗai. Har ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Kano ke fama da hare-haren Ningi da Maraɗi da Damagaram, lissafin yaƙi bai canja ba: mai yawan dawaki shi ke da fili, mai ganuwa shi ke da gari.

Akwai abin da bai kamata mu tsallake ba, don kada son doki ya rufe mana ido. Da mutane ake sayensa. Tarihin Kano ya ce Kanajeji yakan aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma su aiko masa bayi. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa a Borno ana ba da bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya na Arewacin Afirka. Da dokin za a kamo bayi, da bayin za a sayo wani dokin. Haniniyar da ke faranta ran barde, ita ce ƙarar da manomi a ƙauye ke ji ya kwashi 'ya'yansa ya shiga daji. Duk wanda zai rubuta kewar zamanin dawaki bai ga wannan manomi ba, rabin labari ya rubuta.

Kuma dabbar da aka saya da tsada haka ba ta da wuyar mutuwa. In aka gangara kudu da ita ƙudan tsando ya cije ta, sammore ya kama ta. Damina ta zo da ƙananan ƙwari masu yaɗa annobar dawaki. Shi ya sa aka fi fita yaƙi da rani, kuma shi ya sa kullum sai an sake sayo wasu daga Borno da Azbin. Mutanen da suka rayu da doki a wancan lokaci sun saba ganin mutuwarsa. Mai yiwuwa wannan sabo na cikin abin da ya sa ba a tsaya yi masa makoki ba: gobe akwai hawa, sai a nemo wani a ɗaura sirdi.

Talata, 3 ga Fabrairu 1903

Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya bar gari a farkon Janairun 1903 ya tafi Sakkwato yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ya tafi da mahaya kimanin 2,000, wato da mafi yawan ƙarfin Kano. Aka bar Sarkin Shanu da tsaron gari. A ƙarshen watan Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Mafi yawan sojojin baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu, Turawa kaɗan ne ke ba da umarni. Suka ci Bebeji ranar 1 ga Fabrairu, suka iso Kano ranar Talata 3 ga wata.

Sun fara gwada Ƙofar Dukawuya. Igwa ta yi ta dukan ganuwa, ƙasa na haɗiye harsashi, ƙofar kuma an gina ta a kwana yadda ba ta saituwa daga nesa. Sai suka zagayo Kabuga, inda suka sami yadda za su harbi ƙyauren kai tsaye. Aka fasa, aka kutsa. Masu tsaro suka watse, sojan doki na Turawa suka bi waɗanda suka fita bayan ganuwa suna harbi. Alƙaluman Turawa sun ce kimanin mutum 300 aka kashe a ranar. Sarkin Shanu ya tsaya har aka kashe shi. Ƙyauren Kabuga yana nan ajiye a Gidan Makama ga mai son ganinsa da idonsa.

Mu lura da abu biyu. Na farko, ranar da aka fasa Kabuga manyan dawakin Kano ba sa gari. Na biyu, dawakin da aka bi mutanen Kano da su a bayan ganuwa dawakin ƙasar nan ne. Doki bai san tuta ba, wanda ya riƙe linzami shi yake bi.

Labari ya iske Alu a hanyar dawowa. Ya rabu da rundunarsa da dare ya yi arewa. Daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa wa Turawa, suka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Rundunar ta rabu biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa. A ƙarshen Fabrairu, kusa da Kwatarkwashi da ke jihar Zamfara a yau, mahayan Kano suka ci karo da wata 'yar ƙaramar rundunar sintiri ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Bayanin lambar yabon da Ingila ta ba shi ya ce shi da hafsa ɗaya da sojoji 44 ne suka tsaya wa mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har awa biyu. Sun jeru ne murabba'i, bindiga ta fuskanci kowace kusurwa. Mahaya suka yi ta kawo sukuwa suna zubewa kafin takobi ya kai ga mutum. A nan Waziri Ahmadu ya faɗi, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada.

Mu tsaya mu auna wannan awa biyu. A sukuwa irin wannan ƙirjin doki ne a gaba, shi ya fi faɗi, shi harsashi ke fara samu. Lifidin da ya yi shekara 500 yana tare kibiya bai tare komai ba. Littattafan tarihi sukan kawo yawan mutanen da suka faɗi da sarautunsu, dawaki kuwa sai a wuce su. Amma kowane doki da ya zube a wurin akwai yaron barga da ya yi shekaru yana tashi da asuba ya yanko masa ciyawa, ya jiƙa masa dusa, ya ba shi kanwa, ya san inda in an sosa masa yake lumshe ido. Wannan yaro da ƙafa ya koma Kano, in ya koma, da ragama a hannu.

Wambai Abbas ya tattara sauran jama'a ya dawo da su. A farkon Maris suka shigo ta Ƙofar Kansakali, maƙwabciyar Kabuga, aka karɓe musu bindigogi a bakin ƙofa. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. A farkon Afrilu Lugga ya naɗa Abbas sarkin Kano, ya yi mulki har 1919. Dubban dawaki sun dawo gida da ransu, amma aikin da aka haife su dominsa ya mutu a Kwatarkwashi.

Inda gari ya ajiye baƙin cikinsa

Kano ba ta zauna makokin wannan mutuwa ba, kuma ba ta tumɓuke turke ba. Hawan Sallah ya girmi Turawa nesa ba kusa ba. A da, jahin da hakimi ke kawowa gaban sarki nuni ne cewa ga dawakina, ga mutanena, a shirye muke. Bayan 1903 babu sauran yaƙin da za a shirya wa, amma aka ci gaba da hawa. 'Yan lifidi da 'yan sulke da 'yan kwalkwali suna nan a jerin gwano har gobe, dawakin zage na Rumfa suna tafe a gaban sarki. Aka ma ƙara da Hawan Nassarawa, inda sarki ke hawa ya je wajen Razdan, yanzu kuma wajen Gwamna. Dawakin da suka kasa tare Bature a fage su aka yi wa ado aka je gaishe shi da su. Mai rubutu ya daɗe bai sami abin tunani kamar wannan ba.

Turawa kuma suka zo da nasu salon daga Indiya, wanda muke kira Hawan Daba. An yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, an sake yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. A ɗaya ɓangaren, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya, doki ya fita daga harkar tafiya kamar yadda ya fita daga harkar yaƙi. Ya koma filin sukuwa da filin folo, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) ya runguma ya yaɗa. Ya koma kilisar yamma da hawan angwanci. A yau wanda ya tsaya a Kabuga gadar ƙasa zai gani, da motoci da A Daidaita Sahu masu bin titin Gwarzo da na Jami'ar Bayero.

Adabinmu ma ya nemi tasa mafitar. Littafin Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, labarin barde ne da ya yi faɗa da Turawa. Da fagen gaskiya ya ƙare masa, sai marubucin ya ɗauke shi ya kai shi ƙasashen aljanu, inda takobi ke da sauran amfani. Wannan ma hanya ce ta haɗiye rashi: in duniya ta hana ka filin sukuwa, ka gina wani a takarda.

Wasu al'ummu da dutse suka ajiye nasu. Iskandar na Masedoniya, da dokinsa Busefalus ya mutu a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa, gari ya kafa da sunansa a bakin kogin Jhelum, cikin Pakistan ta yau. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ƙiyasta dawaki da alfadarai da jakuna kusan miliyan 8 sun mutu, kuma a 2004 aka buɗe wurin tunawa da dabbobin yaƙi a Landan. Mu ba al'adarmu ba ce gina wa dabba kabari, kuma ba shi muke kira a yi ba. Namu abin tunawar motsi yake yi, sau biyu a shekara yake fitowa da tambari da algaita. Sai dai hawa na gari ne gaba ɗaya. Bai san akawal ɗin dattijon lungunmu ba.

Tambayar da ba a yi ba

A littattafan hadisi akwai labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa, aka gaya masa dalili, sai ya kira shi da alkunyarsa kamar babban mutum ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba, bai ce za a samo masa wani ba. Tambayarsa ya yi.

Abin da ya faru a lungunmu ke nan, ba da shiri ba. Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah ta bana, wani saurayi da zai yi hawa a tawagar hakiminsu ya zo aron sirdi da jalala. Muna zaune a zaure. Dattijo ya shiga ɗaki ya fito da su, ya kakkaɓe, ya ce a kawo dokin ya gani. Da kansa ya ɗaura sirdin, ya sa yatsu biyu ƙarƙashin majanyin ya ce an matse shi da yawa. Saurayin ya ce, "Baba, shi naka yaya halinsa yake?"

Ya fi awa guda yana magana. Ya ce ba ya shan ruwa a bokitin da wani doki ya sha. Ya ce ya san tarinsa tun daga bakin lungu. Ya ce akwai shekarar da bindigar 'yan baka ta tashi dab da kunnensa a Hawan Daushe, dawaki suka watse, shi ko gezau. Sannan ya yi shiru, ya ce, "Kowa ya ce Allah Ya mayar, na kuwa gode musu. Amma kai ne ka fara tambayata halinsa."

Daga nan ya faɗi abin da ya fi cin ransa: harawar da ya ba shi a makon ta ɗan ji ruwa, ya ga alamar fumfuna, ya ce ba komai. Wata tara yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Gaskiya ne doki ba ya iya amai, abin da ya shiga cikinsa sai ya bi hanya, shi ya sa ciwon ciki ke cikin manyan abubuwan da ke kashe shi. Ruɓaɓɓen abinci, canjin abinci farat ɗaya, hatsi fiye da kima, ƙarancin ruwa, ledar da ya tsinta a bola, kowanne na iya jawo shi. In aka ga doki ya ƙi ci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana birgima, likita ake kira nan take, ba a jira safiya. Amma gaskiya ne kuma ciwon kan zo wa dokin da ba a yi sakaci da shi ba ko kaɗan, hanji ya murɗe haka kawai. Wani tsohon mai doki da ke zaune tare da mu ya ce masa, "Alhaji, shekara 17 ka riƙe shi bai kwana da yunwa ba. Kada ka bar kwana ɗaya ya cinye shekara 17." Dattijo ya ce, "Haka ne." Ranar Sallah ya fita kallon hawa, abin da ya ƙi yi a Ƙaramar Sallah.

Abin da za mu ɗauka

'Yan uwa, mu da muke koyon rubutu, akwai darasi a nan da ya fi ƙarfin labarin doki. Yawancinmu in za mu nuna baƙin ciki sai mu ce hawaye sun wanke masa fuska, zuciyarsa ta yi ƙuna. Mai karatu ya ga wannan sau dubu, ba ya ƙara jin komai. A rayuwar Bahaushe, musamman namiji mai shekaru, kunya da kara da tawakkali sukan rufe bakin mutum. Baƙin cikinsa sai ya koma cikin kaya da ɗabi'a: harawar da aka saya ba mai ci, tsayuwar asuba a bakin barga, turken da aka hana cirewa. Can za mu neme shi.

Haka ma in za mu rubuta tarihi. Ranakun 1903 da sunayen manya suna nan a littattafai, kuma wajibi ne mu kawo su daidai, kada mu ƙara kada mu rage. Amma filin da ya rage wa mai ƙirƙira yana gefen hoton: yaron barga da ya dawo daga Kwatarkwashi da ragama, baduku mai ɗinkin lifidi da ya wayi gari ba mai saye don yaƙi, matar da ta ga doki ya shigo Kansakali ba mahayinsa, da manomin da ya ji an ce an daina hari ya yi hamdala a ɓoye. Mu rubuta su a matsayin ƙirƙira, mu bar tarihi a matsayin tarihi, kada mu cakuɗa wa mai karatu.

Kuma kafin alƙalami akwai ƙafa. Mu je Gidan Makama mu tsaya gaban ƙyauren Kabuga. Mu nemi tsofaffin masu dawaki a unguwanninmu, da masu sirdi da masu kayan doki a Kasuwar Kurmi. Kalmomin da ke bakinsu ba duka ke cikin ƙamus ba, kuma kowace shekara masu su raguwa suke yi. In mun zauna da su kada mu tsaya a tambayar nawa aka saye shi, ko shekara nawa ya yi. Mu tambayi halinsa.

Turken yana nan har yanzu. Jikokin gidan ne ke ɗaure dokin kara a jikinsa, dattijo kuma bai hana su ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba duk wanda ya yi rashi haƙuri, babba ne ko ƙarami. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.